Dalar Mutane: Hawa Nawa Doka Ta Yarda Da Shi?

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallon kwando na makarantun Amurka, ko a talabijin ko a waya, ya ga wasu 'yan mata da samari a gefen fili sanye da tufafi iri ɗaya, suna tsalle, suna yi wa 'yan wasansu kirari. Can an jima sai ka ga sun hau kan juna sun yi tsiri kamar dalar gyaɗar Kano ta zamanin da. Amurkawa suna kiran wannan abu ciyalidin. Mu a nan bari mu kira masu yinsa 'yan zuga, tunda asalin aikinsu ke nan, tsirin da suke yi kuma mu kira shi dala.

Akwai wata tambaya da masu horar da 'yan zuga suke yi wa juna kowace shekara idan gasa ta ƙarato, ita ce nake so mu duba tare. Ga samari biyu sun tsaya a ƙasa, kowannensu ya ɗauki yarinya ta tsaya cak a kan kafaɗunsa. Sai yarinya ta uku ta hau, ta ɗora ƙafafunta daidai ƙugun waɗancan biyun, suna riƙe da ita, ta ɗaga hannu sama tana murmushi. Mutum biyar ke nan, biyu a ƙasa, biyu a tsakiya, ɗaya a ƙoli. Shin wannan dala ta halatta a gasa, ko kuwa alƙali zai rage musu maki?

Amsar ta dogara ga su wane ne suka yi ta. Idan ɗaliban sakandare ne, ba ta halatta ba. Tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta Amurka, wadda ake kira NFHS, mai hedikwata a birnin Indianapolis, tana fitar da littafin dokokin 'yan zuga, kuma dokar da ke cikinsa a kan wannan batu a fili take: dala ba ta wuce hawa biyu. Abin nufi da hawa biyu shi ne, duk wadda aka ɗaga sama, dole nauyinta ya kasance a kan mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa a ƙasa. A dalar da muka kwatanta kuwa, 'yar ƙoli tana kan waɗanda su ma ɗauke ake da su. Da wannan kaɗai magana ta ƙare, ko da dalar ta yi kyau kamar me.

Idan kuma ɗaliban jami'a ne, to wannan dala ɗin dai ta halatta, amma da sharuɗɗa. A dokokin jami'a ana auna dala da tsawon jikin mutum. Wadda ta tsaya a kan cinyar mai ɗauka, ko ta zauna a wuyansa, tsawon mutum ɗaya da rabi ke nan. Wadda ta tsaya a kan kafaɗa, tsawon mutum biyu. Iyakar da aka yarda da ita ita ce biyu da rabi, kuma dalar tamu daidai nan ta tsaya, tunda ƙafafun 'yar ƙoli a ƙugun na tsakiya suke. Da za ta ƙara taku ɗaya ta hau kafaɗunsu, an kai hawa uku, wannan kuwa ko a jami'a haramun ne. Sannan dole a sa masu tsaro musamman domin 'yar ƙolin, waɗanda ba su da wani aiki sai zuba mata ido da shirin cafe ta, kuma dole a yi abin a kan shimfiɗa mai laushi ko ciyawa. A gasar ƙasa da ƙasa ma, wadda ƙungiyar ICU take shiryawa, rukunin ƙwararru mafi girma ne ake bari ya kai biyu da rabi. Wannan ƙungiya an kafa ta a 2004, kwamitin Olamfik na duniya kuma ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2021, don haka kada wani ya ɗauka wasan yara muke magana a kai.

Ni a ganina masu wannan doka sun yi daidai, kuma zan faɗi dalilina. Amma kafin nan ya kamata a ji ta bakin masu ƙorafi, domin ƙorafinsu yana da ƙarfi.

Suna cewa, to, ai a sakandare an yarda masu ɗauka su miƙe hannuwansu sama gaba ɗaya, su riƙe tafin ƙafafun yarinya a saman kawunansu. Ƙafafunta sun haura ƙafa shida daga ƙasa, kanta kuwa ya wuce ƙafa goma sha ɗaya. A dokar jami'a ma wannan ɗagawa tsawon mutum biyu da rabi ake lissafa ta. Yaya za a halatta wa yara wannan, a hana su dalar da tsawonta bai fi haka da wani abin kirki ba? Idan tsawo ake tsoro, ai tsawon yana nan. Wasu ma sukan ƙara da cewa an yarda 'yan sama su riƙe hannun juna, har a rataye wata yarinya tsakanin biyu da ke kan kafaɗu, ƙafafunta suna reto. Ashe dokar tana da ƙofofi, in ji su.

Gaskiya ne tsawon kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda yake riƙe da yarinyar, da abin da zai iya yi idan ta karkata. Mutumin da ke tsaye a ƙasa yana iya matsawa taku ɗaya, yana iya lanƙwasa gwiwa, yana iya sauko da hannuwansa ya rungume ta. Wadda ke tsaye a kan kafaɗar wani ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta da inda za ta taka. Idan 'yar ƙoli ta karkata hagu, sai ta ja ta tsakiya, ta tsakiya kuma ta ja na ƙasa, shi kuwa hannuwansa biyu suna riƙe da ƙwaurin wadda ke kansa, ba shi da hannu na uku. 'Yar girgiza kaɗan a ƙasa takan zama babba kafin ta kai sama, kamar yadda ƙarshen dogon gora yake rawa idan ka motsa gindinsa. Idan abin ya rushe kuma, mutum uku ne za su faɗo a lokaci ɗaya, wata a kan wata, kai da gwiwa da gwiwar hannu duk a haɗe. Ita kuwa wadda aka rataye, ai tana ƙasa da waɗanda suka riƙe ta, ƙafafunta suna kallon ƙasa, idan an sake ta a tsaye za ta dira. Riƙe hannu don daidaita tsayuwa daban, ɗaukar nauyin mutum daban, kuma a wannan wurin ne alƙalan gasa suka fi sa ido.

'Yan aji biyar da shida masu karatun fiziks suna iya yin lissafin da kansu a bayan littafi. Abin da ya faɗo daga tsawon mita uku, wato wajen ƙafa goma, ba ya cika daƙiƙa ɗaya kafin ya taɓa ƙasa; kimanin kashi takwas cikin goma na daƙiƙa ne. Yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Mutum kuma kafin idonsa ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, hannu ya motsa, wajen rubu'in daƙiƙa ya tafi. Wato mai tsaro yana da ɗan abin da ya wuce rabin daƙiƙa ya shiga ƙarƙashin yarinya ya tare kanta da wuyanta. Idan ya waiga ya kalli 'yan kallo, an gama. Shi ya sa doka ta ce idon mai tsaro ba ya barin ta sama.

Waɗannan dokoki ba a zaune a ofis aka ƙirƙiro su don a ɓata wa matasa rai ba. Da farko wasan ba shi da hatsarin komai. A Nuwamba 1898 wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell ya tsaya gaban 'yan kallo a Jami'ar Minnesota yana ba da kirari suna amsawa, daga nan ake lissafa farkon abin. Maza ne zalla a lokacin, sai a shekarun 1920 mata suka fara shiga, suka kuma rinjaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da samari suka tafi fagen daga. A 1948 Lawrence Herkimer ya fara tara 'yan zuga yana horar da su a jihar Texas, a 1974 kuma Jeff Webb ya kafa tasa ƙungiyar, wadda ta ƙarfafa ɗagawa da hawa-hawa da alkafura. Da aka riƙa nuna gasa a talabijin a shekarun 1980, sai kowace ƙungiya ta shiga neman ta fi ta bara tsawo. A 1986 wata ɗalibar Jami'ar Jihar North Dakota ta faɗo daga dala wajen gwaji, ta rasu. A ƙarshen waɗannan shekaru ne masu horarwa suka kafa ƙungiyar da ta fara rubuta ƙa'idojin kare lafiya.

Akwai wata cibiya a Jami'ar North Carolina da take tattara labarin munanan raunuka a wasannin makarantu tun 1982, irin karyewar wuya, fashewar ƙoƙon kai, shanyewar jiki da mutuwa. Abin da ta tara ya nuna cewa cikin shekaru fiye da ashirin da biyar, kusan kashi biyu cikin uku na irin waɗannan raunuka da suka sami 'yan mata 'yan wasa a sakandare, a wajen zuga suka same su. A lura fa, 'yan zuga ba su fi 'yan ƙwallon ƙafa yawan jin ciwo ba idan ana maganar targaɗe da ƙujewa. Ciwon nasu ne idan ya zo yakan zo da muni. Wani bincike da aka buga a 2003 ya duba irin waɗannan haɗurra ɗaya bayan ɗaya, ya tarar dala ce a kan gaba, sai cilla yarinya sama da akan yi a cafe ta. Ganin haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito a 2012 ta ce kada dala ta wuce hawa biyu, a sa masu tsaro, kuma kada a yi ta a kan ƙasa mai tauri.

Labarin da ya fi girgiza mutane shi ne na ranar 5 ga Maris 2006, a birnin St. Louis. Ana wasan ƙarshe na ƙwallon kwando tsakanin Jami'ar Southern Illinois da Jami'ar Bradley, sai wata 'yar zuga mai suna Kristi Yamaoka ta faɗo daga saman dala, wajen ƙafa goma sha biyar, ta bugu da kai a kan daɓen katako. Ƙashin wuyanta ya tsage, ƙwaƙwalwarta ta bugu, huhunta ya ƙuje. Aka ɗaure ta a gadon ɗaukar majinyata ana turawa waje, makaɗa suka sa taken makarantarsu, sai ga ta tana ɗaga hannuwa tana bin kiɗan daga kwance. Filin ya kaure da tafi, gidajen talabijin suka yi ta maimaita hoton, ana ta yabon jarumtarta. Allah ya sa ta warke. Ni dai ban taɓa jin daɗin wannan yabo ba. Wanda ake zaton ya karye a wuya, abu na farko da ake koya wa kowane ɗan agaji shi ne kada a bar shi ya motsa. Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka horar da ita a kai ta yi, kuma mai buguwar kai ba a kama shi da hukuncin abin da ya aikata. Amma dubban yara sun kalli wannan hoto sun ɗauki darasin cewa ɗan wasa na ƙwarai ba ya tsayawa ko da wuyansa ya tsage, wannan darasi kuwa yana iya sa mutum a keken guragu.

Dalar da ta faɗo daga kai fa ba ta saɓa dokar jami'a ta wancan lokaci ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai tambayar "ta halatta?" ya riƙe. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da irin wannan dala da cilla mutum sama a sauran wasannin kakar, a Yuli na wannan shekara kuma aka mai da hanin doka: ba a yin su a kan daɓen ƙwallon kwando sai lokacin hutun rabin lokaci ko bayan wasa, kuma sai an shimfiɗa katifar wasa. Abin da yake halal a watan Maris ya zama haram a watan Yuli, alhali daɓen bai ƙara tauri ba, dalar ba ta ƙara tsawo ba. Hatsarin yana nan tun farko, doka ce ta makara. A daidai wannan lokaci aka hana 'yan sakandare cilla mutum sama a kan ƙasa mai tauri, kuma masu bincike da suka ƙirga daga baya sun tarar munanan raunuka daga wannan cillawa sun ragu zuwa kusan rubu'in yadda suke a da. A 2012 aka ƙara hana su saukowa da juyi biyu a iska. Duk wanda ya ce doka ba ta hana komai, ga amsarsa nan.

Maganar ƙasa kuwa ta fi yadda mutane suke zato muhimmanci. Brenda Shields da Gary Smith na birnin Columbus a jihar Ohio sun buga wani gwaji a 2009. Sun riƙa sako wani ƙarfe mai siffar kan mutum daga tsawo dabam-dabam a kan shimfiɗu iri-iri, don su gano tsawon da idan an wuce shi buguwar kai za ta iya kisa. A kan siminti, rabin ƙafa ne kawai, wato inci shida. A kan daɓe na musamman mai sifirin a ƙarƙashi, ya haura ƙafa goma sha ɗaya. Cikin duk abin da suka gwada, wannan daɓe mai sifirin da kuma katifa mai kaurin inci huɗu da aka ɗora a kan shimfiɗar soso su kaɗai ne suka isa su kare wadda ta faɗo daga hawa biyu. Ciyawa ma ba ta kai ba, kuma sun lura cewa gwargwadon gajartar ciyawa da bushewar ƙasa, gwargwadon raguwar kariyarta.

A nan ne maganar ta taɓo mu. Ba mu da gasar 'yan zuga irin ta Amurka a makarantunmu, amma makarantu da yawa a ƙasar nan suna yin dalar mutane ranar wasannin gidaje, bayan maci, kowane gida yana so tasa ta fi ta maƙwabcinsa, ga shi kuma yanzu yara suna ganin na ƙasashen waje a waya suna kwaikwayo. Sau da yawa da rani ake yin waɗannan wasanni, lokacin da fili ya bushe ƙayau, ciyawa ta mutu, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Wanda ake zaɓa ya hau ƙoli kuma kullum ƙaramin yaro ne ɗan aji ɗaya, saboda ba shi da nauyi, kuma shi ne wanda ba zai iya buɗe baki ya ce wa siniya yana jin tsoro ba. Idan 'yan Amurka masu katifu da masu horarwa da motar asibiti a bakin fili sun tsayar da 'yan sakandarensu a hawa biyu, ban ga hujjar da za ta sa mu wuce su a kan busasshiyar ƙasa ba.

Wani zai kawo misalin mutanen Kataloniya a ƙasar Sifen, waɗanda suke gina hasumiyar mutane har hawa goma, al'adar da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2010. Haka ne. Amma a gindin hasumiyarsu akwai ɗaruruwan mutane a cunkushe, ƙirji da baya, su ne katifar. Duk da haka a 2006 wata yarinya 'yar shekara 12 ta faɗo a garin Mataró ta rasu, daga nan hular kwano ta zama dole ga yaran da ke hawa ƙoli. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Japan, inda makarantu suke yin dala ranar wasanninsu na shekara domin iyaye su gani. A 2015 wata dala mai hawa goma ta rushe a wata ƙaramar sakandare a garin Yao kusa da Osaka, wani yaro ya karye a hannu, hoton ya bazu ko'ina. A 2016 hukumar ilimi ta birnin Osaka ta hana dala da hasumiya a makarantunta baki ɗaya. Ni ban kai ga cewa a hana gaba ɗaya ba. Wasan yana koya wa yara yarda da juna da haɗin kai fiye da wasanni da yawa, kuma dala mai hawa biyu, idan an jera ta da faɗi, an haɗa hannuwa, an tashi tare an sauka tare, tana da kyawun gani ƙwarai. Alƙalan Amurka ma ba tsawo kaɗai suke bai wa maki ba, suna duba tsabtar aiki da daidaituwar lokaci.

Akwai abu ɗaya da ban yarda da shi ba a tsarin gasar, shi ne yadda hukunci yake sauka a kan yara. Idan alƙalin doka ya ga dala ta saɓa ƙa'ida, makin ƙungiya ake ragewa, yaran da suka yi wata da watanni suna gwaji su ne suke komawa gida da kuka, alhali babba ne ya tsara dalar, shi ne kuma ya kamata ya karanta littafin. Ba shi da uzuri, domin masu shirya manyan gasa suna karɓar hoton bidiyo tun kafin ranar gasa su duba su faɗa maka ko abin da ka tsara ya halatta. Kowace jiha kuma tana da ikon ƙara tsananta dokar a kan ta tarayya, don haka wanda ya karanta littafin bara ko na wata jiha ya tsaya a nan, sakacinsa ne. Da ni ake tambaya, da na ce duk dalar da ta wuce ƙa'ida a rubuta sunan mai horarwa, idan ya maimaita a dakatar da shi.

Haka nan a wurinmu. Idan wani gida ya zo da niyyar yin dala a wasannin baɗi, malamin wasanni ya gan ta da idonsa tun ana saura makonni, ya ƙirga hawa, ya tabbatar duk wanda ke sama yana kan wanda ƙafarsa ke ƙasa, ya sa manyan ɗalibai biyu a bayan kowane yaro da aka ɗaga, ya kuma taka wurin da ƙafarsa ya ji taurinsa. Katifun ɗakin kwana ba su isa ba, sukan zame, kuma tsakanin katifa da katifa akwai rami. Yaron da za a ɗaga kuma a tambaye shi a keɓe, ba a gaban kyaftin ɗin gida ba, idan ya ce ba ya so a nemi wani.